Cikon haƙori da ake ce wa biyo'aktif, da gaske yana hana ƙwayoyin cuta bi ta ƙasa?

Maman Ikram, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar haƙori ku taimaka min don wlh kaina ya ɗaure. Shekara biyu kenan da aka cike min turmina na ƙasa na ɓangaren dama, irin farin plombaj ɗin nan da ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare, aikin ya yi kyau ƙwarai don ko ni sai na ƙura ido a madubi nake gane wajen. To tun cikin azumin bana abu ya canza, in aka kira magariba na kai ruwan sanyi baki sai in ji kamar an soka min allura ta tsarga har kunne, kafin in ƙirga biyar ya wuce, haka in na sha folere mai ƙanƙara ko shayi mai sukari da yawa. Da dare ba ya hana ni barci, kumburi ma babu. Sai rannan ina wanke baki na hango wani siririn baƙin layi a gefen cikon daidai inda ya haɗu da haƙorin, kamar an ja da biro.

Na je wajen likitan haƙori aka min radiyo, ya ɗaga hoton ya nuna min wata 'yar inuwa ƙarƙashin cikon, yace cikon bai faɗi ba amma bakinsa ya saki, ƙwayoyin cuta sun bi ta nan suna cin haƙorin ta ƙasa har sun kusa kaiwa jijiya. Ni abin da ya ban mamaki babu rami, na sa harshe na laluba ban ji komai ba, to ta ina suka shiga? Yace zai cire tsohon ya share, ya shimfiɗa wani sabon abu a ƙasa wai biyo'aktif, wai shi yana haɗewa da haƙori har ya sa haƙorin ya gyara kansa, sannan daga baya a rufe sama da farin. Kuɗin ya kusa ninka na wancan karon. Mai gida yace shi a ganinsa a cire haƙorin kowa ya huta, ni kuma bana son giɓi, shekaruna 34 kacal.

Tambayata, wannan abin da gaske yana toshe hanyar ƙwayoyin cutar ko kuwa nan da shekara biyu zan sake komawa gidan jiya? Sannan yarona ɗan shekara 7 shi ma akwai ƙaramin kogo a sabon turminsa na baya, wane iri ya kamata a sa masa? Allah ya saka da alheri.

Baffa Magini, Kusuri

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Ni ba likita ba ne, magini ne, amma abin da kika faɗa na san shi a aikina. In aka kira ni in yi wa tsohon bango faci, ban taɓa ganin ruwa ya fasa tsakiyar facin ba, kullum ta baki yake bi, inda sabon siminti ya haɗu da tsoho. In yaro ya yi gaggawa bai kankare ruɓaɓɓen wajen ba, bai share ƙura ba, ya yaɓa ya shafe, ranar zai yi kyau kamar me, damina ɗaya sai ki ga siririyar tsaga ta zagaye facin, ta biyu ya ɓamɓaro gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga ai. Saboda haka ni na fi duba hannun mai aikin kafin in duba buhun da ya zo da shi.

Batun cirewa kuma ki ba mai gidanki haƙuri, kar ki yarda in dai likita yace haƙorin zai gyaru. Ni biyu na cire a gefen hagu lokacin ina ganin sauƙi ne, yau na kusa da giɓin ya kwanta, na sama ya zazzago, kilishi da soya sai gefe ɗaya nake tauna su, shi ma gefen ya gaji. Amma akwai wani baƙin ciko da aka min tun kafin in aurar da babbar 'yata, ya haura shekara ashirin yana nan ko gezau. Shi ne nake son masana su gaya mana, me ya sa baƙin ya daɗe haka farin kuma shekara biyu ya saki?

Likitan Haƙori, Ngaundere

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki. Baffa ya riga ya faɗi rabin maganar da yaren aikinsa, bari in ƙarasa da namu, amma wanda ya duba bakinki ya ga hoton shi ke da hukunci na ƙarshe.

Kin tambaya ta ina suka shiga tunda ba rami. Ƙwayar cutar da ke cin haƙori, irin su Streptococcus mutans, girmanta wajen maikiron 1 ne, wato ki raba milimita ɗaya gida 1000 ki ɗauki ɗaya, alhali silin gashin kai ɗaya kaurinsa maikiron 50 zuwa 100 ne. Kinga tsagar da ido bai gani, harshe bai ji, su a wajensu titi ne. Kuma in sun wuce farin ɓawon waje suka isa ƙashin ciki da muke kira dantin, shi ba dunƙulalle ba ne, cike yake da ƙananan bututu masu ruwa da suka miƙe har jijiya, a kusa da jijiyar akwai wajen 45,000 a fili mai faɗin milimita ɗaya tsawon milimita ɗaya. In sanyi ko zaƙi ya taɓa bakin bututun sai ruwan ciki ya motsa, jijiya ta amsa, allurar da kike ji kenan a lokacin shan ruwa.

Farin cikon, kompozit, danƙo ne da aka cakuɗa da garin gilashi. Yana da kyau yana da ƙarfi, amma yana da halaye uku. Na ɗaya in aka haska masa fitila ya daskare yana tsukewa, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, sai ya riƙa jan bakinsa daga bangon kogon, shi ya sa ake sa shi kaɗan kaɗan, bai wuce kaurin milimita 2 ba a haska a ƙara. Na biyu shi da kansa ba ya kama haƙori sai an shafa gam, gam ɗin kuma ba ya shiri da miyau ko jini ko kaɗan, ɗigo ɗaya ya taɓa wajen kafin a gama to aikin ya samu rauni ko da ranar ba a gani ba. Turmin ƙasa kuwa a cikin tafkin miyau yake zaune. Na uku zafi da sanyi, yana buɗewa ya tsuke fiye da haƙori ninki biyu ko sama, mu kuma nan shayi mai tururi ne a bi shi da ruwan firji, safe da yamma, shekara da shekaru.

Baffa naka baƙin amalgam ne, kusan rabinsa zaiba, saura azurfa da kuza da jan ƙarfe, babu dalma a ciki duk da sunan plombaj da ya fito daga kalmar dalma ta Faransanci. Ba ya manne wa haƙori, kama shi ake yi da siffar ramin, amma da tafiya ta yi nisa yana yin 'yar tsatsa a gefe, tsatsar ce ke cike tsagar, shi ya sa yake daɗewa, kuma yana yafe ɗan laima lokacin aiki. Saboda zaibar ne duniya ke janyewa daga gare shi tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, Tarayyar Turai ma ta hana amfani da shi daga Janairun 2025 sai in dole. Amma wanda ke bakinka lafiya lau kar ka bari a taɓa shi.

To yanzu biyo'aktif. Sunan laima ce babba, abubuwa daban daban ke fakewa ƙarƙashinta, biyu ne na yarda da su don na ga aikinsu. Na farko mu muna ce masa CVI, masu Turancin Ingilishi su ce gilas ayonoma, wasu masana biyu Wilson da Kent suka haɗa shi a Landan, ya fito wajen 1972. Gari ne da ruwa mai tsami ake kwaɓawa. Shi ba ya buƙatar gam, yana kama kalsiyam ɗin jikin haƙori kai tsaye, buɗewarsa da tsukewarsa da zafi kusan ɗaya da na haƙori, kuma yana sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a gefensa, da yawa a kwana ɗaya biyu na farko sannan ya koma kaɗan kaɗan, in kina goge baki da man da ke da fuloraid ya sake tsotsa. Rauninsa ƙarfi ne, in ramin babba ne ya ci bango biyu uku a wajen tauna yana lalacewa ko ya karye.

Na biyu su ne dangin siminti, inaga shi likitanki yake nufi tunda yace kusa da jijiya. Na farkonsu MTA, Dakta Mahmoud Torabinejad ya fito da shi a jami'ar Loma Linda ta Amurka a farkon shekarun 1990, sai Biodentine na kamfanin Septodont na Faransa wajen 2010, wanda mu a ƙasashen nan muka fi samu. Abin da ya bambanta su, laimar da ke kashe kompozit su da ita suke daskarewa, kuma ba sa tsukewa. Suna daskarewa suna fitar da kalsiyam, wajen ya zama mai kaifin kanwa sosai, ma'aunin pH ya kai wajen 12, yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya rayuwa a haka. Sannan kalsiyam ɗin ya haɗu da fosfet na ruwan jikin haƙori ya zama ƙananan duwatsu irin ma'adinin da aka gina haƙorin da shi, su taru a tsakanin cikon da bango har su kutsa bakin bututun nan su toshe. Jijiyar kuma in tana da sauran lafiya sai ta gina sabon dantin ta ciki ta kare kanta. Abin da ake nufi da haƙori ya gyara kansa kenan, ba wai ramin zai tsiro ya cike ba.

Amma Hajiya su ba a barinsu a sama su yi ta tauna har abada, ba su da wannan jurewar, dole a rufe su, kuma murfin nan in bakinsa ya saki labarin zai iya dawowa, sai dai wannan karon akwai mai gadi a ƙasa. Akwai wani bincike da aka yi a Jojiya ta Amurka aka wallafa a 1998, sun bi haƙora shekara 10 waɗanda aka liƙe cikon a kan ruɓar ba tare da an kwashe ta ba, muddin bakin ya liƙu ruɓar ba ta ci gaba ba, don ƙwayoyin sun rasa sukarin da za su ci. Wannan ya nuna miki inda ƙarfin maganar yake, a bakin cikon ne. Yadda kika kwatanta ciwonki, gajere ne kuma sai an tsokane shi, irin wanda jijiya ke warkewa ne, shawarar likitanki ta yi daidai da abin da ni ma zan yi. In ya fara tashinki da dare ko zogin ya riƙa daɗewa bayan sanyin ya wuce, kar ki jira ranar randebu.

Baffa Magini, Kusuri

Dakta Allah ya ƙara ilimi, yau na san abin da ke bakina. Amma tsaya, dangin siminti kace? Simintin da nake kwaɓawa kullum? To in haka ne me ya kawo tsadar, mu da buhu guda ke isar mu ɗaki, ku ɗan abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba.

Likitan Haƙori, Ngaundere

Baffa asalinsu ɗaya ƙwarai, MTA na farko daga simintin Fotlan aka ɗauko shi, aka niƙa shi ya yi laushi, aka tace, aka ƙara masa wani sinadari mai suna bismut don ya fito a hoton radiyo. Amma na buhu akwai ƙazanta da ƙarafa masu guba irin su arsenik gwargwadon dutsen da aka ƙona, ba a kuma tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta ba, dan Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya cusa wa kogon haƙorinsa, ƙona dasashi kawai zai yi ya rufe mugunya a ciki. Tsadar ta tacewar ce da shigo da shi daga waje, ga shi Biodentine a ɗan kwalba yake zuwa na mutum ɗaya, a ɗiga masa ruwansa ɗigo 5 a sa a inji ya girgiza daƙiƙa 30, abin da ya rage zubarwa ake yi. Shi yana daskarewa cikin minti 12, MTA na asali kuwa yana cin kusan awa 3, kuma bismut ɗin na iya sa haƙori ya yi duhu daga baya, shi ya sa ba ma son sa shi a haƙoran gaba.

Ɗalibar Haƙori, Njamena

Salam. Dakta da izininka in ɗan ƙara, ni ɗaliba ce na zo hutu gida, kuma wannan batun shi nake karantawa yanzu don rubutun kammalawa, ya daɗe yana cina.

Adda abin da nake so ki sani, yawancin maganar da kamfanoni ke yi cewa kayansu ba ya yoyo daga ɗakin gwaji ta fito ba daga bakin mutane ba. Na yi irin gwajin da hannuna, a samo haƙoran da aka cire, a fafe rami a cike, a riƙa tsoma su a ruwa mai sanyin digiri 5 a ciro a tsoma a mai zafin digiri 55 sau ɗaruruwa, a shafe jikinsu da jan farce a bar bakin cikon kawai, a jiƙa a shuɗin rini kwana ɗaya, sannan a tsaga haƙorin biyu a duba da madubin ƙara girma a ga iya inda shuɗin ya kai. Ranar da na fara ganin shuɗin layi ya gangara ƙarƙashin cikon da ni na yi shi da kaina a kan tebur, ba miyau ba harshe ba yaro mai kuka, jikina ya yi sanyi wlh. Kusan kowane iri sai ka ga ya ɗan shiga, bambancin yawa ne. Sai dai ƙwayar rini ta fi ƙwayar cuta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, haƙorin kuma matacce ne, kuma in ɗakin gwaji biyu suka gwada abu ɗaya sau da yawa sakamakonsu ba ya haɗuwa, har babbar mujallar masu aikin jijiyar haƙori ta Amurka ta sanar a 2007 cewa za ta taƙaita karɓar irin waɗannan gwaje-gwajen. Saboda haka in aka nuna min takarda aka ce kaza ya fi kaza hana yoyo, tambayata ta farko a baki ne ko a kofi, kuma shekara nawa aka bi mutanen.

Inda na yarda da Dakta ɗari bisa ɗari shi ne su MTA da Biodentine a kan jijiya, nan kam an bi marasa lafiya shekaru an ga sun fi tsohon farin maganin kalsiyam da ake shafawa da, wanda ke narkewa a hankali ya bar fili a ƙasan ciko. Kuma tun 1965 Kakehashi da abokan aikinsa suka nuna a ɓeraye cewa in babu ƙwayoyin cuta, jijiyar da aka buɗe ma warkewa take yi, masu ƙwayoyin cutar ne tasu ke ruɓewa.

Inda nake jin tsoro shi ne sababbin fararen ciko da ake rubuta wa biyo'aktif a kwali, waɗanda asalinsu danƙo ne aka ɗan zuba musu gari mai sakin kalsiyam da fuloraid. Danƙo dai danƙo ne, yana tsukewa, yana son gam, yana ƙin miyau, kuma in ya daskare yana riƙe yawancin sinadaran a cikinsa. An taɓa gwada wani daga cikinsu a turamen mutane a Turai ba tare da gam ba kamar yadda aka tallata shi da farko, cikin shekara ɗaya da yawa suka faɗi ko suka kawo ciwo. Don haka Adda ki tambayi likitanki sunan abin da zai sa a ƙasa, ba rashin kunya ba ne, haƙƙinki ne. Sannan ga masu karatu, ba kowane baƙin layi ne ruɓa ba, shayi da goro suna rina bakin ciko, in hoto bai nuna komai ba wani lokacin gogewa ko ɗan faci ya isa, ba sai an rushe duka ba, don duk sake ciko sai ya ci wani abu daga lafiyayyen haƙori.

Nas ta Ƙauye, Mokolo

Adda ni kan yaronki zan yi magana don irinsu nake gani kullum. Wannan turmin da ke fitowa a shekara 6 ba na nono ba ne, ba ya famfara, iyaye da yawa suna barinsa suna cewa ai zai faɗi wani ya fito, sai mu ga yaro ɗan shekara 10 an rasa yadda za a yi sai cirewa. Ki kai shi yanzu tun kogon na ƙarami.

Mu inda muke wuta sai ta ga dama, babu injin fafe haƙori babu na tsotse miyau, CVI ne abin da ke riƙe da mu. Akwai hanyar cike haƙori da kayan hannu ba tare da inji ba da ake kira ART, wani likita ɗan Holan Jo Frencken ya fara ta a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa CVI a jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Yadda muke yi, yaro ya kwanta a benci kansa a kan matashi, a sa auduga gefe da gefe, a kwashe ruɓaɓɓen mai laushi da ɗan cokalin ƙarfe musamman a zagayen baki sai ya yi tsaf, a shafa ruwan da ke share wajen, a wanke da 'yar auduga a tsane amma kar ya bushe ƙayau, a kwaɓa a cusa, sai in shafa bazalin a yatsana cikin safar hannu in danna in riƙe, cikon ya bi duk ƴan kwaruruwan saman haƙorin ya rufe su. Yawanci ko allura ba a yi, yaro ya tashi yana dariya, a ce kar ya ci komai sai bayan awa ɗaya. A ƙaramin kogo mai baki ɗaya a saman turmi yana daɗewa sosai, a babban da ya ci tsakanin haƙora biyu ne yake ba mu kunya.

Wahalar da littafi bai cika faɗa ba ita ce zafinmu. A watan Maris da Afrilu in rana ta haura digiri 40 kafin ka gama kwaɓawa ka kai baki ya fara ƙanƙamewa, in kuwa sheƙinsa ya dushe ya daina kama haƙori, ka sa shi haka to ka rufe ido ne kawai ba ka rufe tsaga ba. Ni da sassafe nake yin wannan aikin, kwalbar kuma a inuwa kusa da randa, a rufe ta gam.

Wani abu kuma, nan yankin Mayo Tsanaga akwai garuruwan da ruwan rijiyarsu fuloraid ya yi yawa, ya wuce miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta ƙayyade, za ki ga yara haƙoransu da jan tabo kamar sun shekara suna cin goro. To in uwa ta ji cikon na sakin fuloraid sai ta tsorata. Wancan tabon daga ruwan da yaro ya sha ne shekara da shekaru lokacin da haƙoran ke ginuwa cikin muƙamuƙi, abin da ɗan ciko ke saki kuwa kaɗan ne ƙwarai kuma a gefensa yake aiki. Sai roƙona na ƙarshe ga kowa, in an sa muku pansema, farin nan mai ƙamshin kanumfari, na wucin gadi ne na 'yan makonni, mutane sai su ji ciwo ya lafa su ɓace shekara guda, su dawo da kunci a kumbure.

Maman Ikram, Garwa

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku, Baffa na karanta wa mai gida labarin giɓinka bai sake maganar cirewa ba. Jiya Alhamis na je, na tambayi sunan abin kamar yadda ƙanwata ta Njamena tace, bai ji haushi ba ya ɗauko kwalin ya nuna min, Biodentine ne. Da ya cire tsohon cikon ya ba ni madubi na gani da idona, ƙasan ya yi launin ƙasa-ƙasa kuma da laushi kamar jiƙaƙƙen biskit, alhali saman fari tas yake, ashe shekara nawa ina yawo da wannan. Ya share gefe gefen sosai, yace na tsakiyar da ke kan jijiya ba zai bi shi har ƙarshe ba don kar ya huda ta. Wannan karon ya ɗaura min wata roba shuɗiya a baki haƙorin kaɗai ya leƙo, wancan karon auduga kawai aka sa kuma na tuna ina ta haɗiyar miyau ina motsa harshe. Bayan ya cusa sai da na zauna baki buɗe yana duba agogo har minti 12 suka cika, muƙamuƙina ya gaji amma na daure.

Yau da safe na gwada ruwan randa, na ji ɗan sanyi kaɗan amma allurar nan babu, yace hakan zai iya ɗaukar 'yan kwanaki, ruwan firji dai na bar shi tukuna. Ya ba ni randebu nan da sati uku zai rage saman ya rufe da farin, na rubuta ranar a kalandar falo na kuma sa a waya don kar in zama cikin masu ɓacewar da Nas ta faɗa. Yaron kuma ya duba shi yace kogon baki ɗaya ne, CVI zai sa masa ya rufe har da kwaruruwan sauran turamen uku, ranar Asabar in Allah ya yarda tunda babu makaranta.